Daga Agadas zuwa Dirku: lissafin ruwa, mai da mintunan waya

A 2017, ranar Litinin ake tashi daga Agadas. Wanda ya taɓa zama Agadas ya san haka ko ba a gaya masa ba, domin tun daren Lahadi kasuwa ke sauya fuska. Masu jarka sun baza haja, masu rawani da tabarau sun fito, masu faci suna ta bugun ƙarfe har tsakar dare. Ayarin sojojin da ke raka motoci zuwa Kawar, yankin da Dirku take, sau ɗaya yake fita a mako a lokacin. In ya wuce ka, ko dai ka jira wata Litinin ɗin, ko ka faɗa hamadar Tenere kai kaɗai, abin da mai iyali ba ya yi.

Na bi wannan ayari bayan ƙaramar sallar 2017, 'yan makonni da jin labarin mutum 44 da ƙishirwa ta kashe a hanyar Dirku, mafi yawansu 'yan Gana da Najeriya, har da jarirai. Gidan rediyon da nake aika wa rahoto yana son a ji daga bakin waɗanda ke wurin. Mu huɗu ne a mota: ni, da direba, da yaronsa mai kula da inji, da wani dattijo Buzu da ya yi shekaru yana jan ayarin gishiri zuwa Bilma kafin gwiwa ta zaunar da shi. Madugu ake ce masa. Ni Baba nake kiransa, shi kuma ya ce da ni Malam.

Takarda ce farkon kaya. Katin ɗan jarida shi kaɗai ba ya wuce da kai shingen farko. Sai da takardar aike daga gidan da kake wa aiki, mai faɗin inda za ka da ranar dawowarka, a kai ta ofishin gwamna a buga mata hatimi, sojoji su ma su gani. A jikinta a rubuta kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, musamman wayar Thuraya, mai aiki da tauraron ɗan adam, da lambarta. Tun da aka fara aiki da dokar hana safarar baƙin haure, wadda aka kafa a Mayun 2015 aka kuma tsananta ta daga tsakiyar 2016, a wancan lokaci duk wanda aka gani da Thuraya da na'urar GPS a daji kallon ɗan fasa-ƙwauri ake yi masa sai ya wanke kansa. Na yi kwafi 15 na takarda guda mai sunayenmu da lambar mota, kowane shinge in miƙa ɗaya. Ya fi a tsaya rabin awa cikin rana jandarma yana kwafe sunaye da biron da ya ƙi rubutu.

Akwai wani layi a ƙasan takardar, wanda za a kira in wani abu ya faru. Lambar yayana na rubuta, kamar yadda na saba tun 2008.

Motarmu tsohuwar Land Cruiser ce mai shan gazuwal, injin silinda shida wanda babu kwamfuta a cikinsa. Da gangan aka zaɓe ta. Sabuwar mota in ta tsaya a Tenere sai an nemo mai na'ura daga birni, wannan kuwa yaron mota da sufana huɗu ya ishe ta. Daga Agadas zuwa Dirku ya haura kilomita 600. A kan kwalta motar tana shan lita 13 ko 14 a kilomita ɗari, amma a rairayi mai laushi, da kaya a bayanta, takan sha 22 har 25. Saboda haka ba a lissafi da na kwalta. Mun ɗauka a kan 25, muka ƙara kusan rabi saboda ɓata da kewaye, ya kama tankunan mota biyu a cike da jarka biyar a baya. Taya biyu na safaya, robar ciki huɗu, kayan faci, fambel biyu, filtar mai uku, famfon iska na ƙafa ko da na lantarki ya ƙone, shebur biyu, faffaɗan katako na ɗora jak don kada ya nutse, da dogayen farantan ƙarfe biyu masu huji-huji da ake shimfiɗa wa taya in mota ta kafe.

Ruwa kuwa, ƙa'idar madugu ita ce a ninka kwanakin. Tafiyar kwana uku ce, to a yi lissafin shida. Mutum guda a irin wannan zafi, ko yana zaune a inuwa, ba ya yin ƙasa da lita 6 a yini, sha da shayi da girki. Mutum huɗu, kwana shida, lita 144 ke nan, ga kuma na lagireto. Muka ɗauki jarka takwas masu lita 20, kowace an ɗinke ta da buhun algarara. Ana jiƙa buhun, iska tana bugunsa, ruwan ciki ya yi sanyi. Ba a zuba ruwan tafiya duka a babban tano ɗaya, domin in ya tsage a kan duwatsun Abzin, kafin ka farga ƙasa ta shanye rabonka. Madugu ya rataye salkarsa a gefen mota, ya ce ruwan roba ba ya kashe masa ƙishi. Na ɗanɗana na salkar, warin akuya ne zalla, amma ya fi namu sanyi nesa ba kusa ba. Alwala kuwa taimama ce tun daga ranar farko, babu mai gardama. Abinci ba shi da wuyar lissafi: garin alkama, taliya, sardin, dabino, cuku, kilishi kaɗan saboda yana sa ƙishirwa, da sukari da ganyen shayi fiye da yadda kake zato.

Mun fita da la'asar. Kilomita 80 na farko zuwa Turayat ƙasa ce mai tsakuwa da ƙoramu busassu, duwatsun Abzin suna hagu. A nan ayari ke taruwa. Manyan motocin kaya na Marsandi sun yi toliya da buhuna da katifu, jarkoki rataye a gefe kamar 'ya'yan kuka, mutane a can ƙoli. Ga Hilux farare da ake loda wa mutum 25 ko fiye, kowa ya zuro ƙafafu waje ya rungume sandar da aka kafe tsakanin cinyoyinsa. Wanda barci ya sace ya saki sandar da dare, ba kullum direba ke sani ba. A wannan shekara Hilux ɗin da ke bin ayari sun ragu ƙwarai, motoci sama da ɗari suna ajiye a hannun hukuma a Agadas. Sauran ba su daina tafiya ba. Hanya suka sauya, suna fita da dare, suna kauce wa rijiyoyin da soja ke gadi. Abin da ya kashe mutanen da na zo bin labarinsu ke nan: mota ta mutu a inda babu mai wucewa.

Inda tsakuwa ta ƙare rairayi ya fara, direba ya tsaya aka sauke iskar taya. A tsakuwa kilo biyu da rabi muke tafiya da shi, a rairayi aka mayar kilo ɗaya da ɗigo biyu. Tayar takan baje, ta hau saman yashi maimakon ta haƙa shi. Amma tana da sharuɗɗa. Kada a wuce gudun kilomita 50 zuwa 60, domin gefen tayar yana lanƙwashewa ya yi zafi har ya fashe. Kada a yi kwana da ƙarfi, tayar za ta fita daga bakin wili. In kuma aka koma kan duwatsu, a tsaya a mayar da iska, ko da sau biyar za a yi haka a yini, in ba haka ba dutse ya yanka gefen tayar, yankan da faci ba ya kama shi.

Duk da haka mun kafe, washegari wajen ƙarfe 11. Laifinmu ne, mun makara. Da asuba rairayi yana da ɗan ƙarfi saboda sanyin dare, da rana ta take sai ya saki ya zama kamar gari. Kuskuren sabon direba shi ne ya ci gaba da taka totur in ya ji mota ta fara nutsewa. Tayoyi su haƙa rami, cikin motar ya zauna a ƙasa, kuloci ya ƙone, kuma kuloci in ya ƙone a nan tafiya ta ƙare. Namu direban yana jin ta yi nauyi ya ɗage ƙafa. Muka sauka duka, aka ƙara rage iska zuwa ƙasa da kilo ɗaya, aka yashe gaban kowace taya da ƙarƙashin mota har sai da ka hango haske ta wancan gefe, aka cusa farantan ƙarfe a gaban tayoyin baya, aka miƙe sitiyari sak. Ya sa giyar ƙarfi ta biyu, ya tashi a hankali, mu muna turi. Da ta fita bai tsaya ba sai a kan ƙasa mai tauri can gaba, mu muka jawo farantan a ƙafa. An ɗaura musu igiya tun farko, don motar takan binne su har a rasa inda suke. Aikin minti 40 ne, amma ya ci mana kusan lita 5 na ruwa. Shi ya sa daga nan muka koma tsarin madugu: a tashi da fitowar Gamzaki, a tsaya kafin ƙarfe 11, a ɗaure bargo a jikin mota a kwanta a inuwa har la'asar.

Wanda ba ya fitsari daga safe zuwa azahar, ko yana yi ja kamar shayi, ya riga ya shiga bashi. In ciwon kai ya biyo baya, sannan gumi ya ɗauke, mutum ya fara magana ba kan gado, to ana dab da rasa shi. A kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa rawani da riga, a ba shi ruwa kurɓi-kurɓi: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In mota ta mutu gaba ɗaya, a zauna a gindinta. Mota ana hango ta daga nesa, tana da inuwa, tana da tayar da za a ƙona hayaƙi ya tashi. Mutum a ƙafa cikin Tenere ko tsuntsu ba ya ganinsa.

Mun kwana dare na biyu kusa da wurin da ake kira Itacen Tenere. Asalinsa kandili ne guda ɗaya tal a tsakiyar fili, wanda ayarin raƙuma suka yi ɗaruruwan shekaru suna yada zango a gindinsa ba wanda ya karya masa reshe don dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Gungumen yana gidan tarihi na Yamai, a wurin kuma an kafa na ƙarfe, mummuna, kamar an haɗa shi da ragowar bututu. Rijiyar wurin tana da zurfi, ruwanta kuma ba daɗi, sai a tace a tafasa. Madugu ya yi mana tagella, burodinsu na Buzaye: ya kwaɓa gari da ruwa da gishiri, ya hura wuta a kan yashi, ya ture garwashin gefe, ya binne kwaɓin a yashi mai zafi ya mayar da garwashi a sama. Bayan minti 20 ya juya shi, bayan wasu 20 ya tono, ya kankare da wuƙa, ya ɗauraye da ruwa cikin tafin hannu, aka gutsuttsura cikin miyar sardin.

Ni kuma na shiga nawa aikin. Rairayi da iska su ne abokan gabar mai rediyo. Na'urar ɗaukar murya tana zaune cikin leda mai zif, sai lokacin aiki take fita. Ina ɗaukar irin mai cin ƙananan batura na kanti, domin mai caji in ta mutu ta mutu. Baturan kuma ba a barinsu a gaban mota inda rana ke duka, zafi yana zuƙe su. A kan makirfo ina sa safa biyu in soso ya gaza, in juya wa iska baya. In zan karanta rubutuna, mota nake shiga in rufe gilasai in lulluɓa da bargo, in karanta da tocila a hannu, gumi yana ɗiga a kan takarda. Katin ajiya biyu nake riƙewa. Ɗaya yana cikin na'ura da hirar masu shayi da kukan raƙuma, na ainihi yana wani wuri. Sunan wanda ya ba ni labari ba ya shiga faifai, ba ya shiga littafi, lambarsa kuma ba ta zama a wayata da sunansa.

Thuraya tana son fili. A zaro eriyar duka, a fuskanci gabas kamar mai salla, a ɗan karkata dama, a jira ta kama tauraron. Kada a yi tafiya ana magana, kada a tsaya jikin mota. Muryar tana jinkiri, sai ka ƙidaya biyu a ranka bayan mai tambaya ya yi shiru kafin ka amsa. Kuma duk wanda ya kunna ta ya sani ya faɗi inda yake ga masu kunnen ji. Katin da aka saya mini na minti 40 ne. Kiran edita na safe minti biyu, aika rahoto minti uku in layi bai yanke ba, in ya yanke a sake daga farko. Na rubuta lissafin a bayan littafina kamar na ruwa.

Da na gama na naɗe eriya, madugu yana juya shayi na biyu daga buta zuwa kofi, bai ɗago ba ya ce, "Malam, an kira gida?"

Na ce, "Katin na aiki ne, Baba."

"To. Akwai yara?"

"Akwai yarinya ɗaya. Tana wurin uwarta, a Damagaram."

Bai tambayi sauran ba, dattijo ne. Sai ya kama ba ni labarin ayari. Suna fita daga Abzin da kaka, wajen watan Oktoba, su ratsa Tenere zuwa Faci da Bilma su saro kantun gishiri da dabino, su dawo, su huta kaɗan, su gangara kudu zuwa Damargu har ƙasar Kano su sayar su auno gero. Wata shida, wani lokaci fiye, ba sa gida, babu waya babu wasiƙa. Ya ce kafin ya tashi yakan auna wa matarsa hatsin da zai kai ta, ya gaya mata watan da zai dawo, kuma a watan yake dawowa. "Mace tana jiran wata shida in an ce mata wata shida ne," in ji shi. "Jibin da ba ya zuwa ne ba ta iya jira."

Jibi kuwa ita ce kalmata a 2007. A Fabrairun wannan shekara 'yan tawayen MNJ, ƙungiyar da Buzaye suka fi yawa a cikinta, suka kai hari Iferuwan, a watan Yuni suka afka wa sansanin Tazarzait suka kashe sojoji 15 suka kama 72. A watan Agusta Shugaba Tanja ya sa jihar Agadas cikin dokar ko-ta-kwana, aka hana 'yan jarida shiga arewa. An kama Musa Kaka na RFI a Satumba bisa maganar da ya yi ta waya da shugaban MNJ Agali Alambo, ya yi sama da shekara a tsare. An kama Ibrahim Manzo Diallo na jaridar Aïr Info. Nakiyoyi suna tashi da motoci a hanyoyin Abzin, har ta kai a Janairun 2008 wata ta kashe shugaban wani gidan rediyo a cikin Yamai kanta. A lokacin muka koyi bin sawun tayar motar gaba ba tare da kaucewa ko taku ɗaya ba, da barin tazara tsakanin motoci, da shimfiɗa buhunan yashi a ƙasan kujera, da riƙe fitsari har a kai kan dutse. Ina cikin 'yan kaɗan da ke aiko rahoto daga Agadas, kuma na tabbata a raina in na matsa ko na mako guda ne, wani zai hau kujerar.

Matata tana gidan iyayenta a unguwar Birni ta Damagaram goyon cikin fari. Kilomita 450 ne tsakaninmu, ta Adarbisanat da Tanut, tafiyar yini guda. Ta haihu ina Agadas. Na ce jibi. Yayana ya sayi ragon suna, shi ya tsaya aka raɗa. Na ce jibi. Aka yi arba'in, aka gyara ta za ta koma ɗakinta, ɗakin yana kulle. Da na zo daga baya, surukata ta karɓe ni da mutunci, ta sa aka kawo mini fura, ta ce, "Malam, ai mun ji ka a rediyo, sannu da ƙoƙari." Ban taɓa jin zagin da ya kai wannan gaisuwa ciwo ba. An yi biko sau biyu, ta dawo sau ɗaya, na sake tafiya. A 2008 aka rabu ba tare da ko ɗaga murya ba.

Da na sani ƙeya ce, amma tunda lissafi nake yi, bari in ƙarasa shi, ko don matasan da ke sha'awar wannan aiki. Mafi yawan masu aiko rahoto daga irin waɗannan wurare ba ma'aikatan dindindin ba ne. Ana biyan ka ne a kan rahoton da aka sa a iska. Wanda aka ajiye saboda wani labari ya danne shi, ya bi ruwa, tare da kuɗin man da ka ƙona. Hayar mota daga aljihunka take fita, a biya ka bayan watanni, ko a ce rasit ɗin bai cika ba. Babu inshora, babu fansho. Abokan da muka fara tare, waɗanda suka zauna a birni suna bin taron ministoci, su suka zama editoci, kuma ban ga laifinsu ba. Kujerar da na ƙi bari saboda tsoro, da rikicin ya lafa a 2009 babu wanda ya sake tambayar ta. Ban ce aikin banza ba ne. A Oktoban 2013 da aka tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara, galibinsu mutanen Kance, Hausawa 'yan'uwanmu, da ba a samu masu zuwa su tambaya su faɗa ba, da an binne su shiru kamar waɗanda suka gabace su. Amma wanda zai shiga ya nemi a rubuta masa tun kafin ya tashi: wa zai biya in mota ta lalace, wa zai biya asibiti, wa zai kira iyalinsa. Ya bar wa wani amintacce a gari hanyar da zai bi da lokacin da in ba a ji shi ba za a fara nema. Ya kuma ware mintunan gida daga cikin katin tun ranar farko, ya rubuta su a lissafi, don abin da ba a rubuta ba edita ne ke cinye shi.

Rana ta uku fili ne kawai. Babu tudu, babu ciyawa, sai sawun tayoyi da ya bazu faɗin kilomita da yawa, da tsohuwar taya ko tano da wani ya kafa alama. GPS yana nuna maka miƙaƙƙen layi, bai san inda yashi ke cin mota ba. Madugu yana kallon launin ƙasa da yadda iska ta kwantar da ita, ya nuna da haɓa, direba ya karkata. Mun wuce rijiyar da ake kira Espoir, inda sojoji suka yi sansani, muka kai rijiyar Ashegur da yamma. Tsakanin nan da can na ƙirga jerin duwatsu da aka shirya tsawon mutum a wurare da dama, wasu da takalmi ko jarka a kai. Babu suna. Direba yakan rage gudu ya ɗaga hannu ɗaya daga sitiyari ya yi addu'a, ba ya tsayawa. Kowane dare yaron mota yana cire filtar iska ya kakkaɓe ta a jikin taya ya hura ta da famfo daga ciki zuwa waje. In aka yi kwana biyu ba a yi haka ba, mota ta fara baƙin hayaƙi tana shan mai kamar rijiya.

Dirku tana bayyana ne da duhun itatuwan dabino a gindin dogon dutsen Kawar. Gari ne na Barebari da Tubawa, da bariki da filin jirgi, da kasuwar da kayan Libiya suka cika. Hausa ce harshen ciniki, ko'ina ka juya za ka ji ta, ta Agadas da ta Kano da ta Zangon Kumasi. A nan na samu waɗanda aka tsinto daga daji, wasu suna jiran a mayar da su gida, wasu suna aikin bulo don tara kuɗin ƙarasawa ta Sigidin da Madama zuwa Gatrun da Sabha. Ba a yi wa irinsu tambaya a gaban direba ko mai masauki, amsar da za su bayar ta mai masaukin ce. Ba a fara da na'ura. A zauna, a sayi shayi, a bari su tambaye ka tukuna. Wata mata 'yar Edo, da Hausarta ta zaman Sabon Gari, ta gaya mini yadda suka raba jarka ɗaya da murfinta, murfi guda ga kowa da safe, guda da yamma. Minti 26 na ɗauka da ita. A rahoton da na ji a ƙaramar rediyota da daddare, muryarta ta samu daƙiƙa 14. Dokar da ta tura su wannan hanya an soke ta a Nuwamban 2023, bayan juyin mulki, motoci suka koma fita da rana. Matar ban sake jin labarinta ba.

Mun leƙa Bilma, kilomita 40 da 'yan kai a kudu, don madugu ya gaisa da mutanensa a ramukan gishiri na Kalala, inda har yanzu ake zuba gishiri a kututturen dabino a fitar da kantu. Na sayi ƙarami guda da mudu biyu na dabino.

A Dirku akwai layin salula mai zuwa da ɗaukewa. Na kira Damagaram da azahar, uwar ta ɗauka. "Malam, ya hanya? Ta tafi islamiyya, a sake kira bayan magariba." Na sake kira. Yarinyar, shekararta goma a lokacin, ta tambaye ni ko akwai raƙuma a inda nake, sannan ta ce, "Abba, yaushe za ka zo?" Kalmar ta zo har bakina. Na ce ta dakata, na buɗe bayan littafi: kwana biyu kafin motoci su taru, uku a hanya, ɗaya a Agadas in mayar da mota in biya mutane, ɗaya a bas. Na ce mata Juma'a ta sama.

Man komawa na Libiya ne, daga tano ake sayensa, yana da araha, yana kuma da ruwa da ƙasa. A bar tanon ya kwana a tsaye, a zuƙa da tiyo daga sama, kada a kai gindi, a tace da tsumma mai kauri ninki biyu a bakin mazurari. Mun yi duk wannan, filta ɗaya kawai muka canza a hanya. Abin da ya kama mu sifirin ne. Kafin Turayat, a kan wata ƙorama, babban ganyen na baya ya karye, motar ta zauna gefe ɗaya. Aka ɗaga ta da jak a kan katakon nan, yaron mota ya sassaƙa guntun icce ya cusa tsakanin gatari da shasi, aka naɗe karayar da yankakkiyar robar taya da igiya, muka shigo Agadas da gudun kilomita 20, bas ɗin Juma'a ya riga ya tafi. Ranar Asabar bayan la'asar na sauka tashar Damagaram, da kantu a hannu ɗaya, dabino a ɗaya.